Joseph Conrad, Matuƙin Jirgin Ruwa Wanda Ya Koma Marubuci

A wannan wata za mu ba masu karatu labarin wani mutum mai suna Joseph Conrad, wanda ya rasu a ƙasar Ingila cikin shekara ta 1924. Ya yi shekara kusan 20 yana aikin jirgin ruwa, sa'an nan ya sauka tudu ya yi shekara 30 yana rubuta ƙagaggun labarai da Turanci. Shi kuwa ba mutumin Ingila ba ne. Ran da ya fara taka ƙasar yana ɗan shekara 20, kalmomin Turancin da ke bakinsa kaɗan ne ƙwarai, amma yanzu 'ya'yan Ingila da kansu su kan yi jarrabawa a kan littattafansa. Ya taɓa zuwa tsakiyar Afirka, ya yi wata shida a Kwango, ya ga abin da a ke yi wa mutane a can, ya rubuta shi. Har wa yau ana gardama a kan abin da ya gani, da abin da idonsa ya tsallake.

An haife shi ran 3 ga Disamba 1857 a Berdichev, wani gari da ke cikin ƙasar Yukren ta yanzu. Iyayensa mutanen Polan ne, sunan gidansu Korzeniowski. A zamanin nan babu ƙasar Polan a taswira, gama tun 1795 maƙwabtanta uku, watau Rasha da Ostiriya da Furusiya ta Jamusawa, sun gama raba ta a tsakaninsu. Ubansa Apollo mawaƙi ne, mai juya littattafan Turanci da na Faransanci zuwa harshensu, yana kuwa cikin masu shirin tawaye a ɓoye. A 1861 'yan sandan Sarkin Rasha suka kama shi a birnin Warso. Da shekara ta kewayo aka kore shi da matarsa da yaron zuwa Vologda, can arewa da Mosko, ƙasar sanyi da fadama. Yaron yana da shekara 4, saura kaɗan ya mutu a hanya. Tarin fuka ya kama uwar, ta rasu a 1865. Shi kuma uban, aka sake shi bayan ciwon ya riga ya cinye shi, ya rasu a birnin Krakow a 1869. Dubban mutane suka fito jana'izarsa domin su nuna ba su manta da ƙasarsu ba, maraya ɗan shekara 11 yana tafe a gaba.

Mu riƙe wannan a rai, gama yana da amfani ga sauran labarin. Tun kafin ya ga ƙasashen da Turawa ke mulki a nesa, ya riga ya ɗanɗana mulkin baƙo a cikin gidan ubansa.

Kawunsa Tadeusz Bobrowski ya ɗauki riƙonsa. Mutum ne mai lissafi, ba ruwansa da tawaye, har yana da wani littafi inda ya kan rubuta duk abin da ya kashe a kan yaron. Yaron ba ya son makaranta, ga shi da yawan laulayi, amma ya karanta labaran teku da yawa lokacin da su ke zaune su biyu da ubansa. Ana nan sai ya ce shi aikin jirgin ruwa za shi yi. Dangi suka ga abin kamar hauka, ɗan manyan mutane, daga ƙasar da ba ta da ko jirgi ɗaya. Aka sa malaminsa ya yi ta ba shi baki, a banza. A ƙarshe kawun ya yarda, gama akwai wani tsoro kuma: ɗan wanda aka hukunta saboda tawaye, Rasha tana iya jefa shi soja shekaru masu yawa. A watan Oktoba 1874 ya hau jirgin ƙasa zuwa Marsel, bakin teku a kudancin Faransa, bai cika shekara 17 ba.

Zamansa na Marsel bai yi kyau ba. Ya yi 'yan tafiye-tafiye zuwa tsibiran Karibiyan, amma kuɗin da kawunsa ke aiko masa ba sa kwana. Ya ci bashi, ya kai sauran gidan caca a Monte Carlo, aka cinye. A farkon 1878 ya ɗauki bindiga ya harbi ƙirjinsa. Harsashi ya wuce kusa da zuciya ya fita ta baya, ya tsira. Kawun ya taso daga nesa ya biya bashin. Duk tsawon ransa Conrad ya bar mutane, har da iyalinsa, suna tsammani tabon faɗa ne da wani mutum. Sai bayan mutuwarsa aka samu wasiƙar kawun wadda ta faɗi gaskiyar magana.

Da ya warke ya shiga wani jirgin Ingila, ya sauka a garin Lowestoft a watan Yuni 1878. Ya fara daga ƙasa sosai, ƙaramin ma'aikaci a wani jirgi mai jigilar kwal a bakin gaɓa. A bakin masunta da ma'aikatan jirgi ya koyi Turanci, da jaridu. Harshensa na uku ke nan, bayan nasu na Polan da Faransanci, har ya mutu kuwa lafazinsa bai miƙe ba. Ya ci jarrabawar mataimaki na biyu a 1880, ta mataimaki na ɗaya a 1884, ta kyaftin a 1886. Biyun na ƙarshe sai da ya faɗi ya sake. A 1886 ɗin kuma ya zama ɗan ƙasar Ingila.

Yawancin jiragen da ya yi wa aiki masu filafilai ne, waɗanda iska ke kora, ba inji. Daga Landan zuwa Ostireliya a kan yi wata uku ko fi ba a ga tudu ba, abinci naman gishiri da busasshiyar gurasa, a hau dogon itacen jirgi da tsakar dare cikin hadari a naɗe filafilai. A 1881 ya shiga wani tsohon jirgi mai suna Palestine, wanda za shi kai kwal Bankok. Jirgin yoyo ya ke yi, aka yi ta komowa gyara har shekara guda ta wuce kafin su bar Ingila. A watan Maris 1883, kusa da tsibirin Sumatra, kwal ɗin ya kama wuta daga ciki. Suka yi kwanaki suna zuba ruwa, sa'an nan jirgin ya fashe, suka shiga ƙananan kwalekwale suka tuƙa zuwa wani gari mai suna Muntok. Ba su cika kwana ɗaya suna tuƙin ba. Amma sa'ad da ya mai da abin labari bayan shekara 15, cikin wani gajeren labari mai suna Youth, watau ƙuruciya, sai tuƙin ya zama na kwana da kwanaki. Haka ya kan yi: ya ɗauki abin da ya faru, ya miƙe shi ko ya tanƙwara shi, har ya fito da yadda abin ya ke a zuciyar wanda ya same shi.

A 1887 wani itacen jirgi ya buge shi a baya, ya kwanta asibiti a Singafo. Da ya tashi ya yi 'yan watanni a wani ƙaramin jirgin hayaƙi mai shiga kogunan tsibirin Borneo, inda ya ga wani ɗan kasuwa mai suna Olmeijer, mai manyan mafarkai na arziki, yana zaune cikin tsiya a bakin kogi. A watan Janairu 1888 aka ba shi jirgin kansa, Otago, wanda kyaftin ɗinsa ya mutu a teku. Ya karɓe shi a Bankok, ya tarar zazzaɓi ya kwantar da ma'aikata, ga iska ta ɗauke. Sai da ya yi mako uku kafin ya kai Singafo. Wata 14 ya riƙe Otago, shi ne kuwa kaɗai jirgin teku da ya taɓa shugabanta. Zamani ya riga ya juya wa irinsa baya. Tun da aka buɗe mashigin Suwez a 1869 jiragen hayaƙi suka yi ta ƙwace ciniki, jirgi ɗaya babba yana ɗaukar kayan ƙanana da yawa, masu takardar kyaftin suka fi jiragen yawa. A 1889 yana zaune a ɗakin haya a Landan ba aiki, sai ya ɗauki alƙalami ya fara rubuta labarin mutumin nan na Borneo.

Rashin aiki ne ya kai shi Kwango. Bayan taron Balin na 1884 zuwa 1885, inda Turawa suka shirya yadda za su raba Afirka, ƙasar Kwango ta faɗa hannun Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam, ta zama mallakarsa shi kaɗai, kamar gonar gado. Ya gaya wa duniya nufinsa shi ne ya hana cinikin bayi ya kawo wayewa. Wani kamfanin Beljiyam ya ɗauki Conrad domin ya tuƙa jirgin hayaƙi a kogin, a madadin wani kyaftin da aka kashe. Ya isa Matadi ran 13 ga Yuni 1890. Aikin fari da aka ba shi shi ne shirya hauren giwa cikin ganguna. A nan ya sadu da wani saurayi mutumin Ailan mai suna Roger Casement, ya ga hankalinsa.

Daga Matadi jirgi ba ya iya hawa, saboda duwatsu da gangaren ruwa, hanyar jirgin ƙasa kuwa ba a gama ta ba sai 1898. Kome da kome a kan mutum a ke ɗauka, har ƙarafan jiragen da za a harhaɗa a sama. Conrad ya tashi da ƙafa ran 28 ga Yuni, shi da wani Bature da 'yan dako 31, suka yi mil wajen 230, suka isa Kinshasa ran 2 ga Agusta. Ya riƙa rubuta abin da ya gani a wani ƙaramin littafi, wanda ya wanzu har yau. Ya rubuta gawar wani mutum a bakin hanya, da ƙasusuwan wani da aka ɗaure a jikin itace, da wani yaro da aka kawo masa da raunin harsashi a ka, ba shi da maganin kirki da za shi ba shi. Abokin tafiyarsa ya kwanta ciwo, sai a raga a ke ɗaukarsa, ga shi da nauyi, aka yi ta rigima da masu ɗauka. Ya rubuta sauro da sanyin dare da ruwa marar kyau, da wata tashar mishan inda aka karɓe su da kyau. Sunan ko ɗaya daga cikin mutum 31 ɗin nan ba ya cikin abin da mutane ke tunawa na tafiyar.

A Kinshasa ya tarar jirgin da aka yi masa alkawari ya lalace. Aka sa shi a wani mai suna Roi des Belges, watau Sarkin Beljiyam, domin ya koyi kogin. Suka hau mil wajen 1,000 zuwa garin da a ke kira Kisangani yanzu. A komowa kyaftin ya yi ciwo, Conrad ya riƙe jirgin 'yan kwanaki, wani wakilin kamfani mai suna Klein kuma ya mutu a cikin jirgin. Conrad bai shirya da shugaban kamfanin ba, aka hana shi jirgi, atuni da zazzaɓin cizon sauro suka kayar da shi. A watan Disamba ya bar ƙasar, alkawarinsa kuwa na shekara 3 ne. Ya kwanta asibiti a Landan. Daga nan bai ƙara samun cikakkiyar lafiya ba, ga ciwon gaɓoɓi, ga baƙin ciki da kan rufe shi makonni.

Ya sake yin tafiya biyu zuwa Ostireliya a jirgin Torrens, yana mataimakin kyaftin, takardun labarinsa suna cikin akwati. Sun tsira daga kogin Kwango, sun bi shi ko'ina har shekara 5. A watan Janairu 1894 ya sauka daga jirginsa na ƙarshe, bai san na ƙarshe ba ne. Wata na biye kawunsa ya rasu. Ya gama littafin, Almayer's Folly, wani mai ɗab'i a Landan ya saye shi fam 20, ya fito a 1895. A kan bangonsa ne sunan nan Joseph Conrad ya fara bayyana, gama ya ɗauki biyu daga cikin sunayensa na yanka, ya ajiye sunan gidansu wanda Ingilishi ba sa iya faɗa. A 1896 ya auri Jessie George, 'yar Landan mai aikin buga tafireta, suka haifi 'ya'ya maza biyu.

Rubutu bai zo masa da sauƙi ba. Ya kan zauna yini guda ya tashi da layi uku, ya soke biyu. Masana suka yaba masa, amma masu saye ba yawa. Wakilinsa ya yi ta ba shi rance har bashin ya wuce fam 2,000. A 1899 kuma wata shahararriyar marubuciya ta Polan, Eliza Orzeszkowa, ta zarge shi a jarida, wai ya gudu ya bar ƙasarsa cikin wahala ya sayar wa baƙi baiwarsa. Maganar ta soke shi ƙwarai.

A lokacin nan ne ya ke rubuta Lord Jim, wanda ya fito a 1900. Tushensa wani abu ne da ya faru a 1880, duk ma'aikatan jirgi na gabas sun san shi. Wani jirgi mai suna Jeddah ya ɗauko maniyyata fiye da 900 daga Singafo da Penang za shi kai su Jidda. Hadari ya same shi, ruwa ya fara shiga. Kyaftin da matarsa da waɗansu manyan ma'aikata suka sauka cikin kwalekwale da dare suka bar mutane. Aka tsince su aka kai su Adan, suka ce jirgi ya nutse da kowa. Kashegari sai ga wani jirgi ya jawo Jeddah zuwa Adan, maniyyata suna ciki da ransu. Conrad ya ƙago wani saurayi mai suna Jim, ɗan fasto, wanda kullum ya ke mafarkin ranar da za shi nuna jaruntaka, da ranar ta zo sai ya yi tsalle ya bi masu gudu. Sauran littafin duka labarin yadda mutum ke zama da abin kunya irin wannan ne. Masu nazari da yawa sun ce mutumin da ya bar Polan yana ɗan shekara 16 ya san wannan tsalle a jikinsa. Mu ma muna ganin da ƙamshin gaskiya a ciki.

Littafin da ya fi jawo magana shi ne Heart of Darkness, watau tsakiyar duhu, wanda aka fara bugawa kashi kashi a wata mujalla a 1899. Wani matuƙi mai suna Marlow ne ke ba da labari. An aike shi ya hau wani babban kogi ya ɗauko Kurtz, wakilin da ya fi kowa tara haure, wanda ya zo da niyyar kawo haske. A hanya Marlow ya ga mutane ɗaure da sarƙa a wuya suna ɗaukar ƙasa, waɗansu kuma aiki ya gama da su sun ja jiki ƙarƙashin itatuwa suna jiran mutuwa, ga akawun kamfani cikin fararen tufafi yana gyara lissafinsa. Da ya isa ya tarar Kurtz ya kewaye gidansa da kawunan mutane a kan sanduna, hauren kuwa da bindiga ya ke ƙwato shi. Da Marlow ya koma Turai, budurwar Kurtz ta tambaye shi yadda ya mutu, ya yi mata ƙarya.

A shekarun da Turawa ke yabon kansu a kan Afirka, faɗin wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ba shi ya fara ba, ba shi ya fi ƙoƙari ba. Tun a watan Yuli 1890, makonni kaɗan kafin Conrad ya isa Kisangani, wani baƙar fata ɗan Amurka, George Washington Williams, ya zauna a garin ya rubuta wa Leopold buɗaɗɗiyar wasiƙa ya jera laifofinsa ɗaya ɗaya. Mafi munin abin ma ya zo bayan Conrad ya tafi, sa'ad da kasuwar roba ta tashi, aka ɗora wa kowane ƙauye adadin da za shi kawo, da bulalar dorina, da kama mata a riƙe, da yanke hannuwa. Miliyoyin mutane suka hallaka. Masu aikin mishan kamar William Sheppard da Alice Harris suka kawo shaida da hotuna. Casement, wanda ya zama ƙaramin jakadan Ingila a can, ya rubuta rahotonsa da ya fito a 1904. A 1908 aka karɓe ƙasar daga hannun sarkin. Casement ya nemi Conrad ya shiga wannan gwagwarmaya, ya rubuta masa wasiƙu masu zafi a kan Leopold, amma bai shiga ba. Ko a cikin littafin bai ambaci sunan sarkin ko na ƙasar ba, ya kuma sassauta wa mulkin Ingila, ƙasar da ta ba shi mafaka.

A watan Fabrairu 1975 marubucin nan ɗan Nijeriya, Chinua Achebe, ya yi lacca a wata jami'a a Amherst ta Amurka, ya ce littafin na mai wariyar launin fata ne. Hujjarsa ita ce, a cikinsa 'yan Afirka ba su da suna, ba su da harshe sai ihu da 'yan kalmomi na gurɓataccen Turanci, an mai da nahiya guda bango kawai wanda za a nuna lalacewar Bature ɗaya a gabansa. Waɗansu suka amsa, ai Marlow ne ke magana, ba Conrad ba, ai kuma littafin ya fara da tuna wa Ingilishi su ma ƙasarsu ta taɓa zama daji a idon Romawa. A ganinmu amsar ba ta ishe ba. Duk wanda ya karanta za shi ga tausayi a ciki, da fushi na gaske a kan masu ƙwace, amma ba za shi sadu da mutumin Kwango ko ɗaya mai uwa da uba da garinsu ba. Yaron Vologda ya gane zalunci nan da nan, gama ya san kamanninsa. Waɗanda a ke zalunta kuwa, daga bisa jirgi ya hange su. Duk da haka mun fi so a karanta littafin tare da na Achebe, da a jefar da shi, gama shaidun ido na shekarar nan ta 1890 ba su da yawa.

Ya ci gaba da aiki cikin bashi da ciwo. Nostromo ya fito a 1904, The Secret Agent a 1907. Da ya gama Under Western Eyes, labarin wani ɗalibi a Rasha da ya ba da abokinsa ga 'yan sanda, sai ya faɗi warwas a farkon 1910, ya yi makonni yana sambatu da harshen Polan, matarsa ba ta jin abin da ya ke faɗa. Gwamnati ta yanka masa fam 100 a shekara. Sai a 1914 littafinsa Chance ya samu kasuwa, a Ingila da Amurka, ya fara fita daga bashi yana da shekara 56. Mutane da yawa sun yarda ba ya cikin mafi kyaun littattafansa.

A shekarar ce ya kai iyalinsa su ga Krakow. Suna isa Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, suka maƙale wata biyu a wani garin duwatsu, da ƙyar suka fita ta Italiya. Babban ɗansa ya je yaƙin ya komo da rauni. A 1916 aka yanke wa Casement hukuncin rataya saboda ya nemi taimakon Jamus domin 'yancin Ailan, marubuta da yawa suka sa hannu a takardar roƙon sassauci, Conrad ya ƙi. Ya ga Polan ta komo taswira a 1918, amma bai koma can da zama ba. A 1923 ya ziyarci Amurka aka yi masa babbar maraba, a 1924 Firayim Minista Ramsay MacDonald ya yi masa tayin sarautar girmamawa, ya gode ya ƙi karɓa.

Ran 3 ga Agusta 1924 ciwon zuciya ya kashe shi a gidansa, a ƙauyen Bishopsbourne kusa da Kantabari, yana da shekara 66. Aka yi masa jana'iza bisa ga al'adar Katolika, aka binne shi a maƙabartar Kantabari. A kan dutsen kabarin aka mayar masa da sunan gidansu na Polan, amma mai sassaƙar ya yi kuskure a harafi ɗaya na sunansa na tsakiya, haka ya ke har yanzu.